Metanol a Cikin Fetur: Shawarwari 12 ga Masu Tsofaffin Injuna a Ƙasar Yauri

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, lissafin kowane gida ya canza. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A ƙasar Yauri abin ya fi taɓa mutane, domin a nan fetur ne ke tura jirgin da ke kawo fasinja da kifi zuwa Yelwa da Wara, shi ke jawo ruwa zuwa gonakin albasa da shinkafar rani a Shanga da Ngaski, shi ne a tankin ɗan kabu-kabu da janareton mai shago, shi ne kuma a tsohuwar Fijo da ke jigila tsakanin Yauri da Koko da Kontagora.

In abu ya yi tsada, dabaru kan yawaita. Ɗaya daga cikin waɗanda ake yaɗawa ita ce a gauraya fetur da sinadarin metanol don ya yi auki. Mun riga mun ga abin da wannan gauraye ke yi. A farkon 2022 jiragen dakon mai huɗu suka shigo Najeriya da fetur daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ashe yana ɗauke da metanol fiye da ƙima. Injuna suka lalace, aka janye man daga kasuwa, layukan mai suka yi makonni a Legas da Abuja da sauran garuruwa. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi wa fetur, a can da nan, bai haɗa da auna yawan metanol ba. Ke nan ko mutum bai gauraya da hannunsa ba, yana iya sayen gaurayayye. Ga abin da ya kamata maigida da uwargida su sani.

1. A san mene ne metanol, kada a ɗauke shi etanol

Metanol ruwa ne garai-garai, ba shi da launi, warinsa kuma bai da ƙarfi. Yawancin wanda ke kasuwar duniya daga iskar gas ake yin sa, a ƙasar Sin kuma har da kwal. Masana'antu ke amfani da shi wajen haɗa fenti da gam da robobi. Yana da ɗan'uwa mai suna etanol, wanda ake samu daga rake da rogo da masara, kuma shi ne ƙasashe irin su Amurka da Barazil ke zuba wa feturinsu bisa doka. Sunayen sun yi kama, halin ya bambanta. Metanol ya fi cin ƙarfe da roba, ya fi saurin rabuwa da fetur, ya fi ƙarancin ƙarfi, kuma guba ne mai makantarwa. Duk wanda ya ce maka ai ƙasashen waje ma suna gaurayawa, ka tambaye shi wanne daga cikin biyun yake nufi.

2. A yi lissafi kafin a ce araha

Ƙarfin da ke cikin litar metanol kusan rabin na litar fetur ne. Daga nan lissafin mai sauƙi ne. Idan jarka mai lita 10 ta ƙunshi fetur lita 8 da metanol lita 2, aikin fetur lita 9 za ta yi. Manomin da jarka ɗaya ke isar sa ban-ruwan yini zai ga ta ƙare tun aiki da saura. Direban da ya san iya man da ke kai shi Jega daga Yauri zai ga allura ta faɗi kafin lokacinta. Kafin gaurayen ya biya kansa kawai, sai farashin metanol ya sauko ƙasa da rabin na fetur, kuma ba a sa kuɗin bakanike da kayan gyara a ciki ba. Wanda ya sayi gaurayayyen mai a farashin fetur kuwa an cuce shi sau biyu, a mudu da kuma a inji. Araha ba ta ado.

3. Kada a ruɗu da labarin Sin da motocin tsere

Gaskiya ne a lardunan Shanxi da Guizhou na ƙasar Sin akwai motocin haya masu tafiya da metanol, kamfanin Geely ma yana ƙera su. Gaskiya ne kuma motocin tseren Indianapolis a Amurka sun yi shekaru kusan 40 suna ƙona shi, daga 1965. Amma waɗannan motoci tun daga masana'anta aka gina su domin haka. Tankinsu da tiyonsu da famfon mansu duk na musamman ne, da baƙin mai nasu na daban, kuma man da ake sayar musu an haɗa shi da wasu sinadarai masu hana rabuwa da tsatsa. Ƙa'idar feturin ƙasashen Turai ba ta yarda metanol ya wuce kashi 3 cikin 100 ba, kuma littattafan motoci da babura da injunan jirgi da yawa sun yi gargaɗi a kansa ƙarara. Abin da injiniyoyi ke aunawa a matata ba a kwaikwayonsa da mazurari da jarka a zaure.

4. Tsohon inji ya fi sabo shan wahala

Wasu na ganin tsohuwar mota ba ta da zaɓe, kome aka ba ta za ta sha. A wannan magana akasin haka ne. Fijo 504 da 505 da aka harhaɗa a Kaduna, tsohuwar Golf, Boxer da Jincheng, injin ban-ruwa da ƙaramin janareto, mafi yawansu da kafireto suke aiki. Kafireto an saita shi ya ba kowane awo ɗaya na fetur iska awo 14 da ɗoriya, bisa nauyi. Metanol kuwa iska awo 6 da ɗan kai yake bukata. In ya shiga, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Sabuwar mota tana da na'urar da ke lura da hayaƙi ta ƙara mai da kanta, tsohuwa ba ta da ita. Sai inji ya riƙa zafi, yana shaƙewa in an taka totur, bawul da kan fistin suna cin wuta a hankali.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Metanol yana cin alminiyam da zinki, irin ƙarafan da ake zuba jikin kafireto da famfon mai da su. Yana cin rufin dalma da ke cikin tsofaffin tankuna. Yana kumbura tiyon roba, daga baya ya bushe ya tsage. Yana kuma ɓamɓaro dattin da ya yi shekaru kwance a gindin tanki, ya kwashe shi ya kai filta da ƙananan ramukan kafireto ya toshe.

5. A bakin tafki, ruwa ne babban abokin gaba

Fetur ba ya haɗuwa da ruwa, metanol kuwa yana jawo shi, har daga iska. Ruwa kaɗan, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ya isa ya sa gaurayen ya rabu gida biyu: metanol da ruwa su kwanta a ƙasa, fetur ya tsaya a sama. Sanyi na ƙara saurin wannan rabuwa. To a duba yanayinmu. Da damina iskar bakin tafkin Kainji cike take da laima. Tankin jirgi yana shan feshin igiyar ruwa da ruwan sama. Da hunturu kuma asuba na yin sanyin da raɓa ke taruwa a cikin tankin da ba a cika ba. Shi kuma inji daga ƙasan tanki yake zuƙa, wato abin da ya kwanta shi zai fara sha. Da bazara matsalar sai ta sauya kama. Metanol na sa fetur saurin zama tururi, a zafin Maris da Afrilu sai man ya tafasa a cikin tiyo, mota ta mutu a hanya ta ƙi tashi sai ta huce. Don haka a riƙa rufe tanki da jarka ruf, kada a bar mai ya yi makonni a cikin injin da ba a aiki da shi, musamman injin ban-ruwa da ake ajiyewa in damina ta sauka.

6. Mai jirgi da mai ƙaramin janareto su fi kowa kiyayewa

Injunan jirgi irin Yamaha da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, da ƙananan janareto irin Tiger, da zarton inji, duk ba su da kaskon baƙin mai. Wanda aka gauraya a cikin fetur ɗin shi kaɗai ke shafe fistin da ringi da boris. Matsalar ita ce baƙin man da aka saba amfani da shi yana narkewa a fetur amma ba ya narkewa a metanol. In gaurayen ya rabu, baƙin mai yana can sama tare da fetur, inji kuma yana zuƙar na ƙasa wanda ba maiƙo a cikinsa. Ba a daɗewa sai fistin ya kama.

Mota in ta mutu a hanyar Bin Yauri, a tura ta gefe a jira taimako. Jirgi mai fasinja da buhuna in ya mutu a tsakiyar tafkin da faɗinsa a wasu wurare ya wuce kilomita 20, ga iska ta taso, magana ce ta rai. Mai jirgi kada ya tashi da man da bai san asalinsa ba. Ya girgiza tanki kafin ya tayar, ya ajiye jarkar mai mai kyau ta ko-ta-kwana, da filafilai da gora, ya kuma tabbatar kowa ya sa rigar ruwa.

7. A koyi gwajin kwalba

Wannan gwaji bai wuce aikin minti 10 ba, kuma ba ya bukatar komai sai siririyar kwalba fara mai murfi, da sirinji marar allura, da alƙalami. A auna ruwa mililita 10 a zuba, a ja layi daidai inda ya tsaya. A ƙara fetur mililita 90 a kai, a rufe, a girgiza sosai, a ɗan sassauta murfin iska ta fita, sannan a ajiye a inuwa nesa da wuta.

In an dawo za a ga ruwa a ƙasa, fetur a sama. Idan iyakar da ke tsakaninsu tana kan layin da aka ja, man ba shi da gauraye irin wannan. Idan ta hau sama da layin, ruwan ya tsotso wani abu daga cikin man. Ɗan hawa kaɗan ba abin tayar da hankali ba ne. Amma in na ƙasan ya ninka biyu ko ya doshi uku, gaurayen ya kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kada a zuba shi a inji. Gwajin ba ya bambanta metanol da etanol, ba ya kuma nuna kananzir da wasu ke zubawa. Duk da haka ya isa ya hana asara. Ko ba a yi gwaji ba, a ɗaga jarka ko kwalbar a duba ta a haske. Fetur mai kyau tas yake. Wanda ya yi gajimare, ko ake ganin wani ruwa kwance a gindinsa, a bar wa mai shi.

8. In ya riga ya shiga, a kashe inji a juye

Alamomin sukan zo jim kaɗan bayan shan mai: inji na wuyar tashi da safe, ba ya zama sai an ja cok, yana harbi ta kafireto, ƙarfi ya ragu a hawa, zafi ya ƙaru, kan fulogi ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa, ga warin fetur daga tiyon da ya fara yoyo. Kada a ce bari a lallaɓa har man ya ƙare, domin kowane kilomita ƙarin ɓarna ne. Kada kuma a ƙara mai mai kyau a kai da zaton zai gyaru, wanda ya riga ya kwanta a ƙasa ba ya komawa.

A juye tankin gaba ɗaya, a kwance kafireto a wanke, a canza filta, a matsa kowane tiyo da yatsa, wanda ya yi laushi ko ya tsage a sauya shi. A canza baƙin mai, domin metanol da ruwa kan sulale su shiga cikinsa. Man da aka juye a zuba shi a jarka a rubuta mata alama. Kada a zubar a tafki ko fadama ko kusa da rijiya, kuma kada a sayar wa wani. Injin dizal, irin na Kanta da tarakta da injin niƙa, kada a kusantar da shi da wannan mai ko kaɗan.

9. Guba ce: kada a zuƙa da baki

Al'adar sa tiyo a tanki a zuƙa da baki dama can haɗari ce, da metanol kuma ta ninka. Cokalin shayi biyu na tsantsarsa na iya makantar da babban mutum, cokalin cin abinci biyu na iya kisa. Yana kuma shiga ta fata da numfashi, don haka bakanike da yaransa su daina wanke hannu da fetur. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo da wasu sassan Jihar Ribas bayan shan barasar gida da aka gano metanol a cikinta.

Mugun halinsa shi ne jinkiri. Wanda ya haɗiya yana iya yin awa 12 zuwa 24 garau, alhali hantarsa na juya sinadarin zuwa gubar da ke kama jijiyar ido. Daga baya ciwon kai da amai da ciwon ciki da haki su biyo, gani ya yi dishi-dishi. Kada a jira waɗannan alamomi. Kada a sa shi amai, domin fetur na iya faɗawa huhu. Kada a ɗura masa manja ko madara ko jiƙo. A garzaya da shi babban asibiti mafi kusa, a tafi da ragowar man, a gaya wa likita ana zargin metanol da lokacin da aka sha. Akwai maganinsa in an zo da wuri, in ta kama kuma a tura shi Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake wankin jini. In a ido ya fantsama, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15.

10. Uwargida ta kula da ajiya

Kada a zuba mai a robar ruwan sha ko ta lemo. Tsantsar metanol ba ta da bambanci da ruwa a ido, yaro mai ƙishi ba zai tsaya tambaya ba. A ware jarka ɗaya, a yi mata fenti ja, a ajiye ta a wani ɗaki daban mai iska, nesa da madafi da ɗakin kwana, inda hannun yara ba ya kaiwa. Kada a zuba irin wannan mai a fitila ko risho, kada a hura itace da shi, kada a shafa shi a ciwo ko a kai don kashe ƙwarƙwata. Kada a ƙara wa janareto mai yana aiki ko yana da zafi.

Wutar tsantsar metanol shuɗiya ce marar hayaƙi, da rana tsaka ba a cika ganinta ba, sai dai a ji zafi. In ya zube, a kawar da kowa, a rufe wurin da yashi. A ajiye bokitin yashi kusa da inda ake ajiye mai, wanda ke da hali ya sayi tukunyar kashe gobara mai hoda. Ba a watsa wa wutar fetur ruwa, yaɗa ta yake yi.

11. A nemi sauƙin mai ta hanyar da ba ta kashe inji

Akwai litoci da yawa da ke salwanta a gidajenmu ba tare da an lura ba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana ƙara shan mai. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe ma haka, a riƙa kakkaɓe ta kowane mako. A canza fulogi in ya ci, a sa bakanike ya saita kafireto, a daina barin inji na aiki a tasha ana jiran fasinja. Mai jirgi ya duba farfela, lanƙwasasshiya ko wadda ciyawa da tsohuwar koma suka naɗe tana cin mai a banza. Ya rage lodi, ya kuma sassauta totur kaɗan daga ƙarshensa, domin a can ƙarshen inji ya fi zuƙa. Manomi ya toshe yoyon tiyo, ya kusantar da inji ga ruwa, ya yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma. Masu hali su duba injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ko juya inji zuwa gas a hannun wanda ya ƙware, bayan sun tabbatar akwai inda za su riƙa samun gas ɗin a kusa.

12. A san wurin saye, a haɗa kai

A tsaya ga gidan mai ɗaya ko biyu da aka sani, a riƙa karɓar rasit. A ƙauyukan bakin ruwa da babu gidan mai, dole sai an bi ta hannun 'yan bumburutu. Yawancinsu 'yan gari ne, su ma sarowa suke yi, ba lalle su san abin da ke cikin durom ba. Ya fi kyau a ce, "Malam, bari mu gwada tare," da a zo daga baya ana rigima. Duk man da aka karya farashinsa ƙasa da na kowa ba tare da dalili ba, a yi masa gwaji kafin a biya.

In an sami gurɓatacce, a ajiye samfurinsa a kwalba mai murfi, a rubuta rana da wurin da aka saya, a nemi wasu da suka sha a wurin a ranar. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke da alhakin ingancin man da ake sayarwa, hukumar FCCPC kuma tana karɓar koken masu saye. Ƙorafin mutum ɗaya kan ɓace, na ƙungiya ba ya ɓacewa da sauƙi. Ƙungiyar direbobi a tasha, ta 'yan kabu-kabu, ta manoman rani, da sarakunan ruwa da na jirgi a kowace mashaya, kowacce ta ajiye kwalbar gwaji da sirinji, ta ɗora wa mutum ɗaya aikin gwada duk sabon durom da ya sauka ranar kasuwa. In ya ga abin da bai gamsu ba, ya sanar da shugabanni da mai unguwa kafin a fara sayarwa.